Faya-fayen Landan a Gidan Ustaz Munir

Hafsatu, ke kika kawo mini maganar da ta sa na zauna rubuta wannan babi. Da kika dawo daga bikin da aka yi a Malumfashi, kika ce wata gwaggonku ta ja ki gefe ta gaya miki wai korar ubanku aka yi daga jami'a, kunya ta hana shi komawa gida. Wata kuma ta ce a'a, wata Balarabiya ce ta riƙe shi. Na yi dariya a lokacin, amma da kika tafi maganar ta tsaya mini a rai. Ba a kore ni ba. Shahadata tana nan cikin akwatin mahaifiyarku, mai son gani ya buɗe. Ita mahaifiyar taku kuwa Bahaushiyar Sudan ce, kun sani, kuma sai da aka yi shekara biyar da abin da zan ba ku labari kafin in fara ɗora ido a kanta. Abin da ya riƙe ni a Alkahira wani tsoho ne da akwatin faya-fayensa, sai kuma son raina. Ke da Nura ku karanta, ku ajiye wa 'ya'yanku.

A shekarata ta ƙarshe ta karatun shari'a, gidan ɗalibai ya cika har mutum ba ya samun inda zai buɗe littafi. Sai wani abokina ya samo mini ɗaki a saman wani bene a Giza, irin waɗanda ake ginawa a kan rufi kusa da igiyoyin shanya. Masu gidan tsofaffi biyu ne da ke zaune a hawa na uku: Ustaz Munir, siriri mai farin gashin baki, da matarsa Hajja Karima, wadda muryarta ke riga ta isa ko'ina. 'Yarsu guda tana aure a Iskandariyya. Sunana Lirwanu ya gagari harshensu, suka mai da ni Radwan, sunan da maƙwabta ke kirana da shi har yau. Sati na biyu da tarewata, wata Juma'a bayan la'asar, ina saukowa a matakala sai na ji abin da ya tsayar da ni cik. A cikin gidansu wani ƙato yana tafiya a kan tsakuwa, ya tsaya, ya buɗe wata ƙofa mai nauyi, ya maido ta da ƙarfi. Sai mace ta fasa kuka. Ban tsaya tambayar kaina abin da ya kawo tsakuwa hawa na uku ba, na hau dukan ƙofa da hannu biyu. Hajja Karima ta buɗe, da tiren shinkafar da take tsinta a hannunta.

"Lafiya, ya ibni? Gobara ce?"

"Hajja, wa ake duka a ciki?"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta juya ta ɗaga murya. "Munir! Zo ka gani, Turawanka sun kama wani."

Ustaz Munir ya fito yana dariya har da hawaye. Ya kama hannuna ya kai ni falo, ya nuna mini wata tsohuwar rakoda mai faya-faye biyu masu faɗin faranti, zaren tef yana tafiya daga wannan zuwa wancan. Ya mayar da zaren baya, aka sake tafiyar, aka sake rufe ƙofar.

"Ka ji ƙofar nan?"

"Na ji, Ustaz."

"Ni na rufe ta. A Landan, kafin a haife ka."

A hankali na haɗa labarinsa. Yana saurayi aka tura shi gidan rediyon Ingila koyon aiki, ya faɗa sashen wasan kwaikwayo, aka ba shi aikin da ba a ambaton sunan mai yinsa: shi ke yin duk wani sauti da ba murya ba ne, ba kuma kiɗa ba. Takun ƙafa, ƙarar ƙofa, zuba shayi, cin wuta. Ya ce mini a lokacin tashoshi uku suke da su na cikin gida. Ɗaya ta labarai da hirar yau da kullum, ɗaya ta kiɗan nishaɗi da barkwanci, ta ukun kuma sai da yamma take buɗewa, ita ba ta gaggawa, jawabin masana ne da wasan kwaikwayo mai tsawo da kiɗan da ake zama a saurara. Ya ce akwai masu gabatarwa da suke sa kwat su tsaya gaban makirfo alhali ba mai ganinsu, don a wurinsu shiga gidan mutane ne, ba a kuwa shiga gidan mutum da rigar barci. Shekara uku ya yi a can, kuma da nufin zama ya tafi. Sai aka yi rikicin mashigin ruwan nan tsakanin Masar da Ingila.

"Da safe na ji a rediyon da nake wa aiki cewa jiragensu na jefa wa ƙasata bama-bamai," in ji shi. "Da rana aka ce in zo in zuba shayi a kofi gaban makirfo. Na zuba, don wasan kai tsaye ne, ba a barinsa. Washegari na ajiye musu makullin ɗakin kaya. Su suka jefe mu, su kuma suka koya mini sana'a. Ka ga duka biyun gaskiya ne, Radwan, ban taɓa iya jefar da ɗaya ba."

Abin da ya dawo da shi akwati ne guda na faya-fayen da wani injiniya abokinsa ya kwafa masa. Daga ranar nan kowace Juma'a bayan la'asar ina falonsu. Turancina na makaranta ne, bai fi a gaisa a tambayi hanya ba, rabin maganar wucewa take yi ta saman kaina. Ustaz ya ce hakan ya fi. Sai ya sa in rufe ido ya riƙa tambayata: mutum nawa ne a ɗakin? Ɗakin babba ne ko ƙarami? Matar nan da ta ajiye kofi, fushi take yi ko tsoro take ji? Mu Hausawa mun ce gani ya kori ji, amma a falon nan na gane akwai abin da kunne ke kamawa ido bai san an yi ba. Ba wasan kwaikwayo kaɗai ne a akwatin ba. Akwai wani faifai na wani tsohon Bature da ya yi kwata guda yana bayanin yadda ake jera katangar dutse ba siminti a ƙauyensu. Na saba da wa'azi da lacca, inda mai magana ke ɗaga murya don na can baya ya ji. Wannan kuwa sai ka ce a gefen tabarmata yake zaune. Ustaz ya ce haka ake koya musu, a zauna da mutum kwana da kwanaki ana gyara masa takarda har maganar ta daina kama da rubutu, a ce masa kada ya yi wa taro magana, ya yi wa mutum ɗaya. Sai kuma faya-fayen kiɗa, na goge da sarewa masu yawa da ba waƙa a cikinsu. Su ne Hajja ba ta ƙauna.

"Khalas, an fara gyaran famfo," haka take cewa, ta kwashi tirenta ta koma kicin ta kunna nata rediyon.

Ni ma da farko in aka sa kiɗan sai in yi sallama in hau sama, don na san abin da malamaina suka karantar da ni, na kuma san ɗan wane ne ni. Ba zan ɓoye muku ba, daga baya na koma zama a kan matakala, inda ba a ce ina ciki ba, ba a kuma ce ban ji ba. Ustaz ya sani, don yakan bar ƙofar a ɗan buɗe, bai kuwa taɓa yi mini maganar ba.

A lokacin yana aiki a wani ɗan situdiyo a Wustul Balad da ke haɗa wa gidajen rediyo wasannin kwaikwayo. Wajen tsakiyar shekarar hannunsa na dama ya fara rawa. Ranar da na gane abin ya yi tsanani, yana zuba mini shayi ne, bakin buta yana ta bugun kofi. Ya ajiye butar. Mutumin da abincinsa ke cikin natsuwar hannu, ka ga ba sai an yi masa bayani ba. Ranar Alhamis ya hau har ɗakina, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in ba ni da darasi in raka shi. Na bi shi a matsayin mai riƙe masa jaka. Ɗakin sautin ƙarami ne, cike da tarkacen da in ka gan su a bola ba za ka waiwaya ba: ƙofa guda da ba ta kai ƙuguna ba an kafa ta a katako, akwatin tsakuwa, jakar sitaci da ake murzawa in ana son tafiya a kan dusar ƙanƙara, takalma iri-iri a jere. Wasan ranar akwai wata tsohuwa da za ta ratsa tsakar gida ta buɗe wa ɗanta ƙofa. Ustaz ya miƙo mini silifas na mata. Jar fitila ta kama, na yi tafiyar, darakta ya tsayar daga bayan gilashi. Na sake, ya sake tsayarwa. Sau huɗu. Ustaz ya matso kusa da kunnena.

"Tafiyar saurayin da ya sa takalmin mata kake yi. Ba ka da uwa?"

"Ina da ita."

"To, yaya take tafiya in an ƙwanƙwasa? Kada ka gaya mini. Yalla."

Na rufe ido, sai ga Inna, kakarku, tana tahowa daga madafa zuwa zaure: ƙafar hagu tana jan ƙasa saboda gwiwarta, ta ɗan tsaya wajen randa ta goge hannu, sannan ta ci gaba. Na bi ta taku-taku. Da na buɗe ido darakta ya ɗago babban yatsa, Ustaz kuwa ya juya baya yana gyara abin da ba ya bukatar gyara. Shekara huɗu ina karatu, ina ci, malamai suna yabona, amma ban taɓa jin abin da na ji ran nan ba, wato na yi abin da hannuna da kunnena aka yi su dominsa.

Na ci gaba da zuwa kowace Alhamis, ban kuma saki karatu ba. Na zauna jarrabawa, na ci da daraja mai kyau. Sati uku da fitowar sakamako sai ga Yaya Tukur, babban wana, ya biyo ta Alkahira daga Umra, ɗauke da wasiƙar mahaifinmu. Malam, kamar yadda muke kiransa, tsohon alƙali ne, kuma tun ina ƙarami ni ya ware wa gadon littattafansa. Wasiƙar ta ce an ajiye mini kujerar koyarwa a makarantar horon alƙalai, kuma an gyara mini ɗaki a gida. Hajja Karima ta dafa wa baƙo mulukiya, wadda ba komai ba ce illa miyar lalonmu da aka cika wa tafarnuwa, Yaya ya ci ya yi santi. Bayan an kwashe kwanuka na gaya masa, da Hausa, a gaban tsofaffin nan biyu da ba sa jin ko kalma ɗaya, cewa ina so in zauna.

"Ka zauna ka ƙara karatu?"

"A'a, Yaya. Na sami sana'a."

"Wace sana'a ce ta fi wadda aka aiko ka nema?"

Na rasa yadda zan faɗe ta da baki, sai na ce ya bi ni ranar Alhamis ya gani. Wannan shi ne wautar da na yi. Ya tsaya bayan gilashi da babbar rigarsa da carbinsa, yana kallon ƙaninsa mai shahadar shari'a sanye da takalmin mata yana zagaya akwatin tsakuwa, yana buɗe ƙofar da ba ta kai ko'ina. Ba a sa masa abin ji a kunne ba, don haka bai ji komai ba, gani kawai ya yi. Da muka fito titi ya juyo ya dube ni.

"Lirwanu, wannan zan je in gaya wa Malam?"

"Ka gaya masa ina aikin rediyo."

"Ban saba yi masa ƙarya ba, ba kuwa zan fara a kanka ba. Ka dai sani, kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Na zaci Ustaz zai goyi bayana. Da na fassara masa abin da ake ciki, sai ya ce in tafi. Ya ce shi ya bar aikin da ya fi so a duniya saboda ƙasarsa, uba kuwa ya fi ƙasa kusa. Ya ce kada in dubi hannunsa, situdiyo za ta sami wani. Hajja ce ta katse shi daga bakin kicin.

"Kai ka dawo, ka yi shekara talatin kana sauraron ƙofar da ka rufe a garin wasu. Haka kake so masa? Ka bar yaro ya zaɓa, shi zai kwana da abin da ya zaɓa."

Na zaɓa. Na rubuta wa Malam shafi huɗu, na kawo hujjoji har da na littattafai, Yaya ya tafi da su. Amsar ta zo bayan wata biyu, layi ɗaya da rubutun ajaminsa: na aike ka ɗebo ruwa, ka zauna wasa a bakin rijiya. Daga nan bai sake rubuto mini ba, ni ma girman kai da tsoro suka haɗu suka riƙe mini ƙafa. Kullum ina cewa sai baɗi, in na ɗan yi suna, in na sami abin nunawa. A shekara ta huɗu da zuwan wasiƙar nan Inna ta rasu. Wasiƙar ta iso ni bayan an yi sadakar arba'in. Wannan shi ne abin da zaɓina ya ci, kuma ba zan rage masa nauyi don ku ji daɗi ba. Zama a Alkahira ban yi nadamarsa ba ko sau ɗaya. Rashin zuwa in gaishe ta kuwa ba sana'a ce ta hana ni ba, ni ne, kuma har gobe ina roƙa wa kaina gafara a kansa.

Sauran kun san shi. Na gaji ɗakin sautin, na yi shekara talatin da wani abu a cikinsa, a nan na ciyar da ku na yi muku makaranta, kuma ban taɓa tashi da safe ina jin nauyin tafiya aiki ba. Ustaz Munir ya rasu a gadonsa, ni na yi masa wanka tare da surukinsa, Hajja ta ba ni rakodar da akwatin ta ce in kwashe mata masu gyaran famfo, tana faɗa tana kuka. Bayan rasuwarsa ne mahaifiyarku ta tsaya a kaina, ta ce ba za ta yi renon 'yar da ba ta san kakanta ba. Hafsatu, kina da wata takwas muka je Malumfashi, shekara tara rabona da gida.

Bazara ce, ana ta duban gabas ana jiran ruwa. Malam ya makance, ban sani ba, ba wanda ya rubuto mini. Na same shi da hantsi a zaure a kan buzunsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu, ya karɓe ki ya shafa kanki ya yi miki addu'a, aka shiga da ke cikin gida. Muka rage ni da shi da Yaya Tukur. Can ya juyo da fuskarsa wajena.

"An ce kana yin ƙarar abubuwa da hannu."

"Haka ne, Malam."

"Har ruwan sama?"

"Har shi."

"To, yi mu ji."

Na aika aka kawo mini faifai da gero. Na riƙa zuba geron a hankali daga sama, yadda nake yi a situdiyo. Ya karkata kai yana saurare har na gama.

"Wannan yayyafin Masar ne," in ji shi. "Ba mai fita shuka da wannan. Ka manta ruwan garinku?"

Na sa aka kawo tiren ƙarfe da dawa, na haɗa da geron, na fara da ɗigo ɗai-ɗai masu nauyi, sannan na sake su gaba ɗaya. Ya ce ya fi, amma ina iskar da ke riga ruwa zuwa? Na karɓi mafici na haɗa da bakin rigata. Ya ce saura indararo. Yaya Tukur da kansa ya tashi ya ɗauko buta, ya tsaya yana tsiyaya ruwa a ƙasa daga sama, Malam yana ce masa ya ɗaga hannu, ya ƙara ɗagawa, ba haka indararon ɗakin Inna ke zuba ba. Muka yi ta yi har aka kira azahar. Sati uku na yi a gida, kowace safiya sai ya sa an kira ni, yau kasuwa, gobe shanu suna wucewa, jibi guga a rijiya, kuma ba ranar da bai sami abin gyarawa ba. Bai taɓa ce mini ya yafe ba, ni ma ban roƙa da baki ba, ba irin gidanmu ba ne. Amma ranar da za mu taso, mota tana jira a ƙofar gida, na durƙusa na yi masa sallama, sai ya juya wajen Yaya, ba wajena ba.

"Tukur, a auna masa gero mudu biyu ya tafi da shi. Na can ba ya ƙarar ruwan sama."